Yadda Za Ka Fente Murafan Robar Injin Motarka a Gida, Fentin Ya Zauna Bai Ɓare Ba

Tun ranar da na ɗaga bonet ɗin Mustang ɗina a wurin wankin mota aka ga murfin injin ja wur, tambaya ɗaya ake ta yi mini: wane mai fenti ne ya yi maka, nawa ya karɓa? In na ce a tsakar gida na yi da gwangwanin feshi, sai a koma tambayar sunan fentin. To, sau biyu na yi aikin nan, kuma duk da fenti iri ɗaya, kala ɗaya. Na farko bai cika wata biyu ba ya fara ɗagowa ta gefen bakin zuba mai, na sa farce na ja, ya biyo ni kamar ɓawon dafaffen ƙwai. Na biyu ya ga bazara, ya ga damina, ya ga hunturu, yana nan daram. Abin da ya raba su wanki ne da haƙurin jira, shi ya sa za ka ga na daɗe a kan matakan nan biyu fiye da feshin kansa.

Ka ware kwana uku na aiki, da mako guda na jira. In biki gare ka jibi kana so a ɗaga bonet a gani, bari sai bayan bikin.

1. Cire murafan

Inji ya huce sarai tukuna, gara ma ya kwana. Ɗauki hoto da waya ta kowane ɓangare kafin ka taɓa komai.

A Mustang GT irin nawa mai injin 5.0 murafai uku ne a kan inji: babba a tsakiya, biyu dogaye a gefe da suka rufe kwayil, wato abin da ke ba fulogi wuta. Ba noti a jikinsu, ƙusoshi ne suka shige cikin zoben roba, ka sa hannu biyu kusa da inda suka kama ka ja sama a miƙe. Wasu motocin, musamman na Japan, noti ne na sifana lamba 10, wasu kuma akwai ƙarfen da ya gitta saman injin sai an kwance shi. Murfin da ke kan lagireto da ƙananan maɓallan roba aka danne shi: ka ɗaga kan tsakiyar da sukundireba mai faɗin baki, sannan ka zare gindin. Zuba su a leda ɗaya ka ɗaure.

Gargaɗi: kada ka kama kusurwa ɗaya ka finciko. Robar da ta sha zafin inji shekara goma tana da gautsi, kunnen da ya karye kuma ba ya komawa daidai. Sannan ka lura, murfin saman inji ado ne da rage ƙara, mota za ta yi yawo mako guda ba shi lafiya lau. Murfin akwatin fiyus da na matatar iska ba haka suke ba. In za ka fente su, motar ta zauna a gida, ka lulluɓe wurin da leda, don ƙurar Kano in ta shiga inji kai tsaye ɓarnarta ta fi ƙarfin kuɗin fenti.

2. Juya murfin ka karanta alamarsa

Wannan minti ɗaya ne, amma shi zai gaya maka abin da za ka saya. A bayan kusan kowace robar mota akwai haruffa da aka buga tsakanin alamu biyu masu kama da bakin kibiya. Goge wurin ka haska da tocilan.

In ka ga >PA6-GF30< ko >PA66-GF30<, nailan ce da aka cuɗa da zaren gilas, lambar 30 ɗin tana nufin kashi 30 cikin 100 gilas ne. Ita aka fi yin murfin saman inji da ita saboda juriyar zafi. Tana karɓar fenti, amma tana shan ruwa a jikinta, don haka bayan wanki sai ta bushe sosai. In ka ga >PP< ko >PP-T20< ko >TPO<, ka haɗu da mai taurin kai. Irin robar bokitin wanka ce, jikinta santsi kamar an shafa kakuma, fenti ba ya kama ta sai da maganin kamawa. Murfin robar da ke kan lagireto da akwatin matatar iska galibi ita ce. In kuma >ABS< ne, ita ta fi kowacce son fenti, sai dai tina, ruwan tsinka fenti, tana narkar da ita nan take.

In babu alamar komai, ɗauke ta a matsayin PP. Ba abin da ka rasa.

3. Sayayya da lissafin kuɗi

Kayan feshi da samfefa za ka same su wurin masu sayar da fentin mota a Ƙofar Ruwa da Sabon Gari. Ga abin da murafai uku suka ci mini, da gwangwani mai cin mililita 400:

Maganin kama roba gwangwani 1. A jikinsa za ka ga an rubuta Adhesion Promoter ko Plastic Primer, ruwansa garau yake ba kala. Firaima, wato fentin shimfiɗa da ake fara zubawa kafin kala, mai kauri, ruwan toka, gwangwani 1, ko 2 in za ka shafe ɓarzajen jikin robar ya koma sumul. Kala gwangwani 2. Kiliya, wato ruwan sheƙin da ake rufewa da shi, gwangwani 1. Samfefar ruwa lamba 400, 600 da 800, falle bibbiyu, da lamba 2000 falle ɗaya. Tef ɗin takarda na masu fenti, mai faɗi da siriri. Sabulun ruwa na wanke-wanke irin su Morning Fresh, tsohon buroshin haƙori, buroshin wanki mai taushi, sifirit daga kemis kwalba biyu, safar hannu ta roba, tsummoki masu tsabta marasa zubar da gashi, sabuwar reza, da takunkumi mai matatai biyu a gefe.

Farashin kayan nan dala yake bi, na wannan watan daban da na watan jiya, saboda haka ka taya a shago uku kafin ka zaro kuɗi. Yadda kuɗin ke rabuwa dai bai canja ba: samfefa, tef da sabulu ba su taka kara sun karya ba, kiliya mai haɗi biyu (bayaninta na mataki na 11) da takunkumi na gaske su ne ke cin fiye da rabin kasafin. In aljihu ya matsa, rage a kala, sayi mai sauƙi. Kada ka rage a maganin kamawa. Mai shago zai iya ce maka, "Alhaji, firaiman nan ma ya wadatar, kowa shi yake saye." Firaiman ƙarfe ne yake nufi, a kan ƙarfe kuma gaskiyarsa. A kan PP ba zai zauna ba.

Batun zafi, wanda kowa ke tsoro: ruwan lagireto yana aiki ne wajen digiri 90 zuwa 100, murfin da ke sama kuwa da wuya ya wuce nan da nisa, ai shi kansa roba ne. Fentin inji irin na kamfanin VHT da aka rubuta yana jure digiri 288 a ma'aunin Salshiyas ya isa har ya yi yawa, fentin jikin mota na kirki ma yana ɗauka in an rufe shi da kiliya mai kyau. Wanda za ka guje wa shi ne fentin salansa. Shi sai an gasa shi da zafin da roba ba za ta iya ɗauka ba kafin ya yi ƙarfi, in bai samu gashin ba haka zai zauna yana gogewa a hannu.

Kala da firaima da kiliya su zama na kamfani ɗaya in da hali. Kafin ka bar Ƙofar Ruwa, nemi wani fasasshen murfin roba wurin masu kayan gwanjo, ko kyauta ma za a ba ka. Duk abin da za ka fesa wa naka, fara fesa masa. Ranar da fenti biyu suka ƙi jituwa, gara ka gani a kansa.

Gargaɗi: kada ka bar gwangwanayen a cikin mota a rana ka shiga kasuwa. A jikinsu an rubuta kada zafi ya wuce digiri 50, motar da aka kulle a ranar Afrilu kuwa tana haura haka.

4. Zaɓar rana da wuri

A Kano yanayi rabin aikin ne. Fentin gwangwani ya fi son zafi tsakanin digiri 18 zuwa 27, iska a kwance, ba laima.

A bazara, daga Maris zuwa Mayu, da rana ta take zafi kan kai digiri 40, fentin yana bushewa a iska kafin ya sauka, sai ka shafa ka ji kamar yashi. Feshin bazara daga fitowar rana ne zuwa ƙarfe tara, shi ke nan. A damina, musamman Agusta, laima ce matsalar: kiliya takan yi fari-fari kamar hazo ya shiga cikinta. Kada ka fesa ranar da aka kwana ana ruwa ko hadari ya haɗo. A hunturu kuwa ƙura ce, ga busasshiyar iska da ke sa roba ta riƙa jan ƙura da kanta, kamar yadda biro ke ɗaukar guntun takarda in an goga shi a gashi. Ranar da ka tashi ka ga gari ya yi fari, ajiye gwangwani. Ni a wurina babu kamar Oktoba zuwa farkon Nuwamba, ruwa ya ɗauke, buji bai sauko ba.

Wuri kuma: rumfar mota mai buɗaɗɗen gefe, ko barandar da rana ba ta dukanta. Share wurin tun daren jiya, da safe ka yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta. Samo babban kwalin firji ko na talabijin, kwantar da shi ka yanke gefe ɗaya, ya zama ɗan ɗakin da za ka tura murfin ciki bayan kowane feshi. Ɗora murfin a kan gwangwanin madara biyu ko uku don gefensa ya tashi daga ƙasa. Motarka da ta maƙwabci su yi nisa, hazon fenti yana tafiya fiye da yadda kake zato.

Gargaɗi: iskar da ke fita daga gwangwani tana kama wuta. Ba murhu, ba gas ɗin girki, ba janareta, ba sigari, ba maganin sauro mai hayaƙi. Ka sanar da uwargida tun da wuri a daidaita lokacin ɗora tukunya. Yara da mai juna biyu da mai asma su shige ciki, a kuma kulle kaji.

5. Wanki

Nan na faɗi a karon farko, don haka bari in tsaya.

Duk motar da ke zuwa wurin wanki a garin nan an taɓa shafa wa injinta man ƙyalli, irin wanda ake fesa wa taya da dashbod. Yaran wankin suna yi ne don su faranta maka, ka ɗaga bonet ka ga komai baƙi siɗik yana walƙiya. Man nan silikon ne a cikinsa, yana shiga kowane ɗan rami na ɓarzajen roba ya zauna, kuma fenti da silikon ba sa ga maciji. Ni wanki ɗaya na yi da Omo, na ga murfi ya yi fes a ido, na hau feshi. Tun a zubi na biyu na ga wasu ƙananan ramuka suna buɗewa kamar zanzana, fentin yana gudu daga tsakiyarsu. Na ƙara fenti a kai don in rufe su. Sun rufu a ido, amma a ƙasa ba abin da ya kama.

Ga yadda ake yi. In akwai soson rage ƙara a bayan murfin, cire shi in yana ciruwa, in ba ya ciruwa rufe shi da leda da tef kada ya jiƙe. Zare zoben robar da ƙusoshi ke shiga ka ajiye. Haɗa ruwa mai ɗumi da sabulun wanke-wanke mai yawa, ka dirje gaba da baya da buroshi, lungu da saƙo da tsakanin haruffa da buroshin haƙori. Bayan murfin ma sai ka wanke shi kamar gaban, don hannunka zai ɗebo baƙin mai daga can ya kawo nan. Ɗauraye. Zubar da ruwan, haɗa sabo, sake. Sau uku ne mafi ƙaranci.

Sai gwaji. Kwarara ruwa mai tsabta a kan murfin ka zuba ido. In ruwan ya shimfiɗu bai ɗaya ya lulluɓe wurin, ya wanku. In ya tattare ya zama ƙwaya-ƙwaya kamar raɓa a ganyen gwaza, akwai sauran mai, koma bokiti. PP ko da ta wanku takan ɗan tattare ruwa saboda halinta, amma za ka ga bambanci tsakanin inda ke da mai da inda babu, kuma bayan samfefa ruwan zai kwanta.

Daga nan jiƙa tsumma da sifirit ka goge, ka bi da busasshen tsumma kafin ya sha iska. Hanya ɗaya za ka riƙa shafawa kana juya tsumman, in kana kai da komowa dattin kawai kake zagayawa da shi. Tun daga wannan lokaci hannunka ba ya sake taɓa murfin sai da safa.

Gargaɗi: ba fetur, ba kalanzir, ba tina. Na san a gareji da fetur ake wanke komai, amma shi da kalanzir suna barin maiƙo, tina kuma tana cin ABS. Kuma kada ka fara samfefa kafin wanki, don tura man za ka yi cikin ƙarcen da ka yi, inda buroshi ba zai sake kai masa ba.

6. Samfefa

Yanke shawara a nan: za ka bar ɓarzajen robar, ko sumul kake so kamar jikin mota?

In za ka bar shi, aikin kaɗan ne. Jiƙa lamba 600 ka bi ko'ina a hankali har sheƙin ya mutu, wurin ya yi dishi-dishi bai ɗaya. Duk inda ka hango yana ƙyalli, nan fenti zai fara tashi, kuma yawanci gefuna ne da kwarin da yatsa ba ya shiga. Naɗe samfefar a jikin tsinken tsire ko guntun silifa ka shiga da ita.

In sumul kake so, fara da 400 da ruwa ka rage kan ɓarzajen, kada ka ce sai ka shafe shi duka da hannu. Firaima ce za ta cike sauran. Kada ka sauko ƙasa da lamba 320: PP takan tashi da gashi-gashi wanda ba ya kwanciya, nailan kuma zaren gilas ɗinta ya fito. Ruwan ma yana hana garin gilas ɗin tashi ya shiga hanci ko ya sa maka ƙaiƙayi.

Sake wankewa da sabulu, ɗauraye, ka jingine a inuwa. Nailan ta kwana ta wuni. Ruwan da ya maƙale a ramin haruffa ko cikin jikinta zai fito ne ranar da inji ya yi zafi, ya kumburo fentin ƙuraje-ƙuraje.

7. Rufe inda ba a son fenti

Tambarin da aka manna da gam, zura zaren ɗinkin takalmi ta bayansa ka ja kamar zarto, zai fita. Wanda aka narka ƙafafunsa ta baya, bar shi a wurin ka rufe da tef, ka bi gefensa da sabuwar reza. Rufe ramukan zoben roba, da bakin da ke zagaye wurin zuba mai, da duk takardar bayani da ke manne. Bayan murfi ba a fente shi. Zanen fiyus da ke cikin murfin akwatinsa ma ka kiyaye shi, ranar da fitila ta mutu da dare a hanyar Zariya za ka neme shi.

Danne bakin tef da farce sosai. Goge da sifirit karo na ƙarshe, ka ba shi minti goma.

8. Maganin kamawa da firaima

Girgiza gwangwani minti biyu cur bayan ka fara jin ƙarar ƙwallon ciki. Duba agogo, don minti biyu a hannu ya fi yadda ake zato tsawo. Da sanyin hunturu, tsoma gindin gwangwanin a ruwa mai ɗumin da hannu ke iya zama a ciki na minti biyar. Wuta ko ruwan zafi, a'a.

Riƙe gwangwani santimita 20 zuwa 25 daga murfin. Fara danna kan tun kafin ka iso murfin, ka wuce shi sannan ka saki. Hannu duka ne ke tafiya, ba wuyan hannu ba. Kowane layi ya hau rabin wanda ya gabace shi.

Maganin kamawa shafa ɗaya ko biyu ne marasa kauri, kamar raɓa. In ya kwanta ya yi tafki, shi da kansa zai zama abin da zai saɓule. Yana da ƙayyadadden lokacin da ake so a ɗora firaima a kai, galibi 'yan mintoci ne, an rubuta a bayan gwangwani. Karanta kafin ka fara, kada ka fesa shi ka tafi kasuwa.

Firaima zubi biyu zuwa uku, minti 10 zuwa 15 tsakani. Gefuna da lunguna tukuna, sannan fili. Tura cikin kwali ya kwana. Washegari ɗauki baƙin fenti ka watsa masa ɗan hazo daga nesa, ɗigo-ɗigo kawai. Goga da 600 da ruwa, samfefar a naɗe jikin wani abu mai shafaffen ciki. Inda baƙin ya goge ya daidaita, inda ya rage rami ne. In ramukan da yawa, ƙara firaima zubi biyu ka sake kwana. Nawa sai da na zagaya sau biyu. Gama da 800.

Gargaɗi: in ka goge har baƙar roba ta leƙo, yawanci a kan kusurwa, sai ka mayar wa wurin maganin kamawa da firaima. Wanda kuma ya zaɓi barin ɓarzaje, zubi ɗaya marar kauri ya ishe shi, kauri zai cike wani wuri ya bar wani, ya fito dabbare-dabbare.

9. Kala

Zubin farko ka ga firaima tana leƙowa ta ƙasa. Haka ake so. Ran mutum yana son ya ga ja ya rufe tun a tashin farko, nan ne kuma fenti ke taruwa ya zubo kamar hawaye. Jira minti 10, taɓa tef ɗin gefe ka ji ya yi danƙo bai biyo yatsa ba, sai zubi na biyu, mai ɗan nauyi. Na uku ya jiƙu ya yi sheƙi amma kada ya kai ga gudu. Juya murfin tsakanin zubi, in ka bi tsawo a wannan ka bi faɗi a na gaba. Bayan kowane zubi kifa gwangwanin ka danna har iska zalla ta fito, don kan kada ya toshe ya riƙa tofi.

In ya zubo, ko ƙuda ya faɗa, ko gashi ya sauka, cire hannunka. Bar shi ya bushe sarai, ka goge wurin da 800, ka sake zubi. Tsumma a kan ɗanyen fenti mayar da kai mataki na shida yake yi.

Gargaɗi mai muhimmanci: yawancin fentin inji suna da ƙa'idar cewa ka gama duk zubinka cikin awa 1, in ka wuce sai ka jira, wani awa 48, wani kwana 7. In ka fesa a tsakanin nan, sabon zai jiƙa na ƙasa da bai gama ƙarfi ba, duka su yamutse kamar fatar tsohuwar jaka. Saboda haka kada ka fara in saura minti ashirin a kira salla, ko kana jiran baƙo.

10. Haruffa da kala ta biyu

Rubutun da ya taso sama, kamar wanda ke kan murafan kwayil, ba ya buƙatar tef. Bayan kala ta bushe, fesa ɗan fenti fari ko ruwan azurfa a cikin murfin gwangwani, dangwala guntun soso mai tauri, rage shi a kan kwali har ya kusa bushewa, ka riƙa ɗan dannawa a saman haruffan. Sau uku a hankali ya fi sau ɗaya da nauyi. Rubutun da ya lotsa ciki kuma, siririn buroshin zane.

In kala biyu za ka raba, mai haske ce farko. Sai ta yi ƙarfi sosai za ka ɗora mata tef, ka kuma cire tef ɗin tun kala ta biyu tana da sauran taushi, kana jan sa baya a kwance.

11. Kiliya

Iri biyu ce. Ta gama-gari tana da sauƙin kuɗi, tana sheƙi, amma in fetur ko man birki ya ɗiga mata takan yi laushi ta yi tabo. Mai haɗi biyu, wadda aka rubuta wa 2K, tana da wani maɓalli da ake dannawa a gindin gwangwani ya fasa hadina, wato sinadarin da ke sa ta ƙarfi, a ciki. Ita ce irin ta jikin mota, ba ruwanta da fetur ko baƙin mai. A ƙarƙashin bonet ita nake ba da shawara. Da ka fasa ta, kwana biyu ne iyakarta ta daskare a gwangwani, don haka sai duk murafan sun shirya. Gwada ta a kan murfin gwanjon nan tukuna, don ba kowace kala ke ɗaukarta ba.

Zubi ɗaya marar nauyi, biyu masu jiƙa, minti 10 zuwa 15 tsakani. Tsaya inda haske ke dukan murfin ka riƙa kallon sheƙin yana bin hannunka. In ya fito gurji-gurji kamar ɓawon lemo, ka yi nisa ko ka yi sauri.

Gargaɗi: hadinan 2K yana ɗauke da sinadarin da ke jawo asma, wani daga shaƙa kaɗan ƙirjinsa ke kamuwa har abada. Takunkumin yadi irin na lokacin korona, ko rawani a hanci, ba sa tare shi. Takunkumi mai matatan tururin sinadari, sababbi, ya zauna a fuska ba ɓaraka, da tabarau, da riga mai dogon hannu, a wuri buɗaɗɗe, iska tana bayanka. Gemu mai yawa yana hana takunkumi zama, wannan gaskiya ce da ya kamata a faɗa. In haka ne, ko kana da ciwon ƙirji, kai wa mai fentin mota murafan ya zuba maka kiliyar, ko ka tsaya a ta gama-gari.

12. Jira, gwaji da mayarwa

Awa 24 a cikin kwali ba mai taɓawa. Bayan nan fito da su inuwa mai iska su yi mako guda. Kada ka shanya su a tsakar rana don su yi sauri, sama za ta ƙafe ta kulle na ƙasa da ɗanyensa. Kada kuma ka sa su a obin ɗin girki.

A kwana na bakwai ɗauko murfin gwajin. Tsaga fentinsa da reza layi shida a tsaye, shida a kwance, manna salatif mai ƙarfi ka danne, ka fizge. In gidajen daran nan sun zauna, naka ma ya kama. Danna farce a wani ɓoyayyen gefe na ainihin murfin, in ya bar shaida ƙara kwana uku. Ƙwayoyin ƙurar da suka faɗa wa kiliya, yanzu ne za ka shafe su da lamba 2000 da ruwa, ka bi da man goge fenti har sheƙi ya dawo. A kan kusurwa sassauta hannu, kiliyar wurin ba ta da kauri.

Mayar da soson baya da zoben roba, ka ɗan shafa wa zoben ruwan sabulu don su shige ba dole. Shimfiɗa tawul a kan murfin ka danna da tafin hannu daidai kan kowace ƙusa har ka ji ta shiga. Noti kuwa da yatsa za ka fara ɗaure shi, ka ƙara ɗan kaɗan da sifana, in ka matse zai murɗe fentin da ke kewaye da shi. Duba kada wata waya ko tiyo na gogar gefen fentin, sannan ka sauke bonet a hankali karo na farko ka tabbatar ba ya taɓa saman murfin.

Tayar da mota ta yi minti goma sha biyar, kashe ta huce, ka sake. Za ka ji ɗan warin fenti kwana biyu ko uku, zafin inji ne ke ƙarasa gasa shi. Daga nan wata guda kada a ƙara sa masa folish, kada kuma a watsa masa ruwan matsi. Ranar da ka koma wurin wanki kuma, tsaya a kan motar ka ce wa yaron, "Ɗan'uwa, injin nan tsumma mai laima kawai, kada ka fesa masa man taya."